Telmo Baigorria da Ƙofar da Ta Kalli Arewa

Ranar Asabar, tara ga watan Maris na 1968, Herminia Olguín ta fara ganin Telmo Baigorria. Lokacin tsinkar inabi ne, a wata gona da ke bayan garin San Martín. Ita tana cikin masu tsinka, almakashi a hannu, ɗankwali ɗaure har gira. Shi kuma direban babbar motar da ke kwasar inabin ne zuwa bodega, gidan da ake matse shi a mai da shi giya. Ta hau tsani da bokitin ƙarfe a kafaɗa, ta juye a bayan mota, ta sauko ta miƙa hannu a ba ta ɗan kwabon tagullar da ake ba mai tsinka shaidar kowane bokiti. Mai rabon kwabon ya tafi shan ruwa, ya bar wa direba jakar. Direban kuwa yana zaune a matakalar mota, ƙafarsa ɗaya na ta rawa, ya nutse cikin wani tsohon littafi da bangonsa ya rabu da shi.

"Kai Dogo, kwabona," in ji ta.

Bai ɗago ba. "Kin san giya tana ciwo kamar mutum? Tana zazzaɓi, tana yauƙi, har baƙi take yi. Ga wani Ba'italiye nan ya rubuta, har da zane."

"Ni kafaɗata ce ke ciwo. A wane shafi ya rubuta wannan?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. Ya ba ta kwabon, ya kuma bi ta cikin layin kurangar inabi yana yi mata bayanin cututtukan giya har mai gonar ya daka masa tsawa. Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure a cocin San Martín.

An haifi Telmo a 1941, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa. Ubansa kafinta ne mai haɗa gangunan katako na zuba giya. Aji huɗu ya yi a makaranta ya bari. Kafin ya kai talatin ya wanke tankunan jirgin da ke kai giya Buenos Aires, ya raba manyan kwalabe masu rigar saƙa a shaguna, ya yi aiki a mashaya, ya yi tuƙi. Ba rago ba ne, kuma ba ya shan abin da zai kayar da shi. Cutarsa ɗaya ce: wuri ba ya riƙe shi. Yakan fara sabon abu da zafinsa, ya hana kowa sakat da zancensa, amma ranar da abin ya ɗan karkace sai ƙafarsa ta soma rawa a ƙarƙashin teburin cin abinci har cokula su riƙa ƙara. Can sai ya ce, "An ce a San Rafael..." Ba a daɗe ba Herminia ta gane cewa da zarar ta ji "an ce", to ta fara neman akwatunan inabi na zuba tukwane.

A San Martín aka haifi 'yarsu tilo, Noemí. Sun bar garin a 1971 suka koma Maipú. Daga Maipú sai San Rafael, daga San Rafael sai San Juan, daga can kuma suka dawo birnin Mendoza, inda suka sauya unguwa sau uku. Duk gidan da suka sauka, Herminia takan dasa ɗan zaitun a bayan ɗaki, ta riƙa ba shi ruwan wanke-wanke. Zaitun kuwa ba ya gaggawa, sai ya yi shekaru kafin ya ba ka abin da za ka sa a baki. Ba ta taɓa cin ko ƙwaya ɗaya daga abin da ta dasa ba. Akwai mutane a garuruwa da dama da ke cin zaitun ɗinta ba su ko san sunanta ba.

Abu ɗaya ne Telmo bai taɓa bari a baya ba: littattafansa. Na farkon, na Ba'italiyen nan, a ofishin wata bodega ya same shi, an tallafe ƙafar tebur da shi. Ya zare shi ya sa bulo a wurin. Daga nan idonsa ya buɗe. Da shekarun tamanin suka zo, mutane suka rage shan giyar inabi, bodega bayan bodega ta rufe. Jikokin Italiyawa da Faransawa da Sifaniyawan da suka kafa su suka riƙa sayar da ƙarfe da katako, littattafan kakanninsu kuma su jibge su a tsakar gida don a cinna musu wuta. Telmo ya riƙa bin su gida-gida da wata tsohuwar a-kori-kura. Ya samo littattafan dasa kuranga da na yi mata aski, da na haɗa ganga masu zanen kowane katako, da na gane giyar da aka yi wa algus da ruwa. Ya samo wani ƙarami mai jan bango na masu aiki a mashayar manyan otal, mai koyar da gauraya abin sha kala-kala, da wani na barasar rake daga Kuba da ƙwari suka cinye rabinsa, da wani ƙato da ba komai a ciki sai tambarin kwalaben kamfanonin da suka daɗe da mutuwa. Dukkansu warinsu ɗaya, na ƙura da farar wuta. Italiyanci da Faransanci da ƙarfin tsiya ya koye su, yana bin layi da yatsa, bakinsa na motsi.

Ran Lahadi yakan shimfiɗa su a kan tebur a bakin dandalin birni, wai sayarwa. Herminia ta taɓa kai masa abinci ta tarar da wani mai kwat ya ɗauki ɗaya yana juyawa.

"Wannan fa?" in ji mai kwat.

"An riga ka, Yallaɓai."

"To wancan mai bangon fata?"

"Shi ma jiya aka yi masa magana."

"To me ka fito yi?"

"Su ma suna son shan iska," in ji Telmo, ya karɓe littafin ya goge inda mutumin ya taɓa.

Keken ɗinkin Herminia ne ke riƙe da gidan.

A 1989 gwaggonta, Doña Petrona, ta rasu a nan ƙauyen Medrano ba ta bar ɗa ba. Gidanta na ƙasa da 'yar gonar inabin da ke bayansa suka faɗo wa Herminia, tare da rabon ruwan da ke biyo kwata zuwa gonar. Ranar da suka sauke kaya, tun kafin ta kwance tukwane, ta haƙa rami a bakin kwatar ta dasa zaitun. Ta miƙe ta karkaɗe hannu.

"Tsoho, saurara da kyau, ba zan maimaita ba. Na bi ka inda duk ka ce. Nan kuwa nawa ne. Daga nan sai akwatin gawa. In ƙafarka ta sake ƙaiƙayi, ita kaɗai za ka bi."

"Haba tsohuwa, wa ya ce zai tafi? Dubi kurangar nan fa! Ta girme mu. Shekara nawa ina karanta yadda ake giya, ban taɓa yin tawa ba. Yanzu za ki gani."

Ta san ba alkawari ne zai riƙe shi ba, don ya sha yi. In akwai abin da zai riƙe shi, to giyar nan ce. In ta yi kyau, ya sami abin da zai jira kowace shekara, kamar yadda take jiran zaitun. In ta ɓaci, ta san abin da zai biyo baya, ta kuma san wannan karon ba za ta ɗaure tukunya ko ɗaya ba. Tana da shekara arba'in da biyar, ba ta son tsufa ita kaɗai, ba ta kuma son tsufa a bayan mota.

Farkon abin da ya ce yana bukata shi ne ɗakin ajiye ganguna, rabinsa a cikin ƙasa. Ya baje littattafai a kan teburin tsakar gida, ya danne shafukansu da duwatsu. Bafaranshe da Ba'italiye da Basifaniye, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sun haɗu a kan magana ɗaya: ƙofar ɗakin giya da tagarsa su kalli arewa. Telmo ya daɗe da sanin cewa watannin littattafan a juye suke, tunda a ƙasashen Turai aka rubuta su. Inda suka ce a tsinki inabi a Satumba, ya soke da fensir ya rubuta Maris a gefe. Inda suka ce a yi wa kuranga aski a Janairu, ya rubuta Yuli. Ya yi shekaru yana wannan gyaran, yana kuma alfahari da shi. Amma arewa, a wurinsa, arewa ce ko'ina.

Ya kira Rufino Zalazar, birkila, abokinsa tun suna yara, uban baftismar Noemí, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Saboda baftismar nan suke kiran juna kompadre, ita Herminia kuma komadre. Suka tsaya a gefen gidan na arewa, Telmo yana jan layi a ƙasa da sanda.

"Nan fa nake shanya tumatir da wanki," in ji Herminia.

"Sai ki koma wancan gefen."

"Wancan gefen kaya ba sa bushewa."

"To ki riƙa wanki da wuri. Kompadre, a nan ƙofar za ta tsaya, mai faɗi, don gangara ganga. Taga a nan. Na samo gilashi daga ofishin wata bodega, mai kauri."

"Ni dai birkila ne, Dakta," in ji Rufino. "Ka ce in fuskantar da ita sama ma, sai in yi. Komadre, ki yi haƙuri, ilimi ya zo gidanki, wando sai ya nemi wani wuri."

Ba ta ja maganar ba. Telmo na fito da baki yana haƙa, kuma da aka zauna cin abinci cokula ba su yi ƙara ba. Wannan ya fi mata igiyar shanya.

Aka gama ɗakin a 1990, da rufin kwano, domin abin da ya samu ke nan. Ya sayo tsofaffin ganguna uku ya gyara su da hannunsa, yadda ya ga ubansa na yi. A Maris na 1991 suka tsinke inabin. Maƙwabta suka zo, aka tattake shi da ƙafa a cikin babban kwami, Rufino na waƙa yana cewa ƙafarsa ce za ta ba giyar ɗanɗano, tunda bai wanke ta ba tun bikin Noemí. Da ruwan ya gama tafasarsa ya lafa, Telmo ya ɗura shi a ganguna, ya toshe, ya rubuta kwanan wata da alli. Ya ce ba wanda zai taɓa sai ranar Kirsimeti.

Mage ce ta fara tona asirin ɗakin. Suna da wata ƙatuwar mage mai ruwan toka da suke kira Gwamna, wadda ba ta taɓa kwana a wuri mai sanyi ba tunda take. Da hunturu ya shiga a watan Yuni, Herminia ta neme ta a bakin murhu ba ta gan ta ba. Ta leƙa ɗakin giya da tsakar rana, sai ga Gwamna miƙe a kan gangar tsakiya. Rana ta shigo ta gilashin nan ta kwanta a kan gangunan uku, ɗakin ya yi ɗumi kamar an hura gawayi. Herminia ta dafa katakon, ta ji shi da ɗumi a tafin hannunta. Ba ta karanta littafi ko ɗaya ba, amma a ƙasar nan ta girma, ba ta taɓa ganin an ajiye giya inda mage ke son kwanciya ba.

Ta kori magen. Ta rataya buhu a tagar, ta ce saboda ƙura ne. Telmo ya cire, ya ce littafi ya ce taga ta sha iska. Ta mayar, ya sake cirewa. Da bazara ta kusanto, iskar zonda ta sauko daga duwatsu da zafinta mai busar da leɓe, kwanon ya ɗau wuta, ta riƙa jiƙa buhuna tana shimfiɗawa a kan gangunan in ya fita, ta kwashe kafin ya dawo. Shi ma ba makaho ba ne. Takan gan shi ya shiga ɗakin ya fito da gumi a goshi, ya tsaya a ƙofar yana dube-dube, sannan ya wuce wajen littattafansa ya buɗe wannan ya buɗe wancan, ya dawo yana cewa, "Arewa. Duk sun ce arewa." Cokula suka fara 'yar ƙara kaɗan-kaɗan.

A watan Nuwamba ta ga ƙananan ƙudaje masu jan ido suna shawagi a bakin toshiyar ganga. Ta sunkuya ta shinshina. Warin ya daki hancinta, irin wanda ta sani a kicin. Ta zauna a kan matakala ta daɗe. Ta yi tunanin ta gaya masa, ta ga hakan matso da ranar tafiyarsa ne kawai. Ta yi tunanin ta sayo giya mai kyau ta sauya, ta ga mutumin da ya haddace cututtukan giya ba za a yaudare shi da wannan ba, kuma ba ta son riƙe miji da ƙarya. Ta share ƙudajen, ta koma kan kekenta.

Ranar Kirsimeti aka ci abincin rana a ƙarƙashin rumfar inabi. An gasa haƙarƙarin saniya, Noemí da mijinta sun zo daga birni, Rufino ya zo da farar riga. Telmo ya shiga ɗakin da tulun gilashi, ya daɗe fiye da kima, ya fito yana riƙe da shi nesa da jikinsa. Ya zuba wa Rufino da farko. Rufino ya ɗaga kofi, ya kurɓa, ya haɗiye da ƙyar. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Yaya?" in ji Telmo.

"Kompadre," in ji Rufino, yana share ido, "akwai latas a gidan nan? Don wannan a kan latas ya kamata a zuba shi, ba a cikin ɗan Adam ba."

Mijin Noemí ya fashe da dariya, Noemí ta taka masa ƙafa. Telmo bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya koma ya buɗe ganga ta biyu da ta uku. Duk sun zama ruwan tsami.

Kashegari da hantsi ya fito da littattafan tsakar gida yana neman inda ya kuskure. Ya bi maganar farar wuta, ya bi ta wankin ganga, ya bi ta toshiya, duk ya yi yadda aka ce. Herminia na tsintar wake a inuwa tana satar kallonsa. Can ya buɗe wani na Bafaranshe mai zanen gida da gona, inda mai zanen ya sa rana da fuska da gashin haske a gefe ɗaya na gidan, ɗakin giya kuma a ɗaya gefen, cikin inuwa. Ya miƙe da littafin a hannu. Ya dubi zanen, ya dubi rana, ya juya ya ba ta baya, ya sake juyowa. Daga ƙarshe ya juya littafin ƙasa a sama.

"Tsohuwa."

"Na'am."

"Su ranarsu ta kudu take bi. Arewa ce inuwarsu." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na juya musu watanni duka, ɗaya bayan ɗaya, na bar musu rana a inda take. Na gina wa giyata murhu."

"To sai ka gina wani a wancan gefen. Inabi zai sake nuna a Maris."

Da yamma, suna shan mate, shayin ganyen ƙasar, teburin ya ɗauki rawa har ruwan buta na motsi.

"An ce a Río Negro, can kudu, akwai sanyi. An ce akwai wata bodega da ke neman mai kula da ganguna."

"Sauka lafiya," in ji Herminia.

"Ke ba ki ji ba ne. Garin nan kowa ya ji labari. Rufino kaɗai ya isa gidan rediyo. In fita sayen burodi a riƙa tambayata latas?"

"Za su gaji. Ni na gaya maka tun ranar da muka zo."

Ya yi zaton za ta sauko, don ta saba saukowa. Ya kwaso akwatunan inabi ya shirya littattafansa a ciki, ya bar wasu akwatunan a ƙofar kicin, inda za ta yi tuntuɓe da su. Ta riƙa tsallake su. A-kori-kurar ta riga ta mutu tun bara, motar haya kuma ba ta ɗaukar irin wannan kaya, saboda haka a farkon Janairu na 1992 ya tafi da jaka ɗaya da littafin Ba'italiyen a aljihun kwat. A bakin ƙofa ya ce in ya sami wuri zai zo ya kwashi littattafan, ta taimaka kada damshi ya taɓa su. Ta ce to. Ta tsaya har ya sha kwana, sannan ta shiga ta zauna a gaban keke, ba ta taka shi ba har rana ta faɗi.

Ɗakin da ya jibge akwatunan yana jikin kwata, bangonsa na tsattsafo. Herminia ta yi ta kallonsu tana wucewa. Wata safiya ta aika aka kira Rufino.

"Komadre, in don maganar latas ce, na rantse ban san zai ɗauke ta da zafi haka ba."

"Bakinka ya riga ya yi aikinsa, yanzu saura hannunka. Fitar min da gangunan nan."

Suka gangaro da su rumfar baya. Ruwan tsamin bai tafi a banza ba: ta jiƙa gauta da tattasai da albasa a kwalabe, duk Medrano ta ci, har yau akwai masu cewa ba su sake cin irinsa ba. Ɗakin kuma ta share shi ta yi masa farar ƙasa. Babu wuri mai bushewa kamarsa a gidan. Ta sa Rufino ya kwantar da akwatunan inabin a gefensu, ɗaya kan ɗaya, ya kafe su a bango da manyan ƙusoshi.

"Wannan ƙusa fa, komadre, sai an rushe bangon kafin a cire."

"Ƙara wata," in ji ta.

Ta jera littattafan a ciki, dogaye da dogaye, gajeru da gajeru, jajaye a wuri ɗaya. Ta ɗinka labule ta rataya a tagar. Ta kawo kujerar Doña Petrona mai hannu ta ajiye inda rana ke sauka. Gwamna ta riga kowa hawa.

Wasiƙa ɗaya ya aiko, gajera, mai maganar iska da tsadar ɗaki. A watan Yuni, da tsakar rana, tana ɗinki, ta ji an taɓa ƙyauren gida. Ya rame, kwat ɗin ta yi masa yawa, yana tari.

"Na zo kwasar littattafaina," in ji shi. "Na yi magana da wani mai mota."

"Suna ɗakinka na arewa. Ka ci abinci?"

"A hanya."

Ta ci gaba da taka keke, kunnenta na can. Ta ji ya sauka matakala. Sai ta ji yana jijjiga akwati, ya sake jijjigawa da ƙarfi. Can muryarsa ta taso.

"Tsohuwa! Wa ya yi wannan ɓarnar?"

Ta zo ta tsaya a ƙofa. Yana tsaye da littafi a kowane hannu.

"Kin haɗa mai haɗa ganga da ɗan mashaya! Na Kuba a tsakiyar Faransawa! Wannan juzu'i na biyu ne, ina na ɗayan?"

"Oho. Ni na iya yarensu ne? Wanda ya yi tsawo na sa da mai tsawo."

Shekara ashirin da wani abu tana kakkaɓe musu ƙura, ta san mazaunin kowanne kamar yadda ta san na tukwanenta.

"Kuma rana za ta cinye musu bango."

"Ga labule nan, ja ake yi."

"Ba zan ɗauke su a haka ba. Sai na gyara tukuna." Ya ture magen daga kujera ya zauna, ya ɗora tari ɗaya a cinya. Rana na dukan bayansa. Ya buɗe na sama don ya ga inda ya dace da shi, sai ya tsaya a wani shafi. Ta dubi ƙafarsa. Tana ɗan motsi, amma ba irin na tafiya ba. Ta tafi ta ɗora ruwan mate.

Mai motar bai zo ba, ba a kuma sake zancensa ba. Gyaran jerin ya kai shi har bazara, daga nan ya ɗauki fensir ya bi littattafan ɗaya bayan ɗaya, duk inda aka ce arewa ya rubuta kudu a gefe, inda aka ce kudu ya rubuta arewa. Wannan ya ci masa shekaru. Ba a ce ya warke ba. Da ya ji an ce wata tsohuwar bodega za ta rufe a San Juan ko La Rioja, sai ya ɗauki jaka ya yi mako ba a gan shi ba. Amma duk abin da ya samo sai ya kawo shi ɗakin nan, tunda akwatunan ba sa ciruwa. Rufino bai daina kiransa Dakta Latas ba, shi kuma bai daina jin haushi ba.

Telmo bai sake yin giya ba. Inabin gonar wani maƙwabci suke sayar wa. Zaitun ɗin bakin kwata ya fara 'ya'ya a 1995, Herminia ta jiƙa su a ruwan gishiri, suka ci tare. A watan Agusta na 2006 zuciyarsa ta tsaya a tashar mota ta San Luis, yana zaune a benci da ƙunshin littattafai a cinya da tikitin dawowa a aljihu. An binne shi a Medrano. Noemí ta ba wata makarantar koyon noma yawancin littattafan, ta bar wa uwarta na Ba'italiyen da 'yan kaɗan. Herminia ta zauna a gidan har rasuwarta a 2017. Akwatunan suna nan kafe a bango, masu gidan na yanzu suna ajiye kwalaben tumatir a ciki.